Helge da Reshen da Ke Tsakiyar Tafki

Ƙarfe bakwai na safe Helge Renberg yake buɗe garejinsa, ko da sanyi ya kai digiri talatin ƙasa da sifiri. Ba ya fara taɓa sifana. Sai ya hura murhu, ya ɗora tukunyar gahawa, ya cusa taba ƙarƙashin leɓe, sannan ya ɗauki tsintsiyarsa mai dogon mariƙi ya gangara daskararren tafkin da ke bayan garejin. Akwai wani zirin ƙanƙara a wurin, tsawonsa taku ɗari biyu, wanda yake sharewa kullum har sai ya fito fes. A ƙarshen zirin ya huda rami ya kafa koren reshen itacen gran mai ganye kamar allura, irin wanda muke kafawa don nuna hanya a kan tafki. In iska ta kayar da shi, ya tayar. In ya bushe, ya saro wani. Daga nan ya koma ya sha gahawarsa da yankan cuku a ciki, yana jiran wanda zai fara zuwa.

Shekara talatin da biyar ke nan yana wannan sharar. A ƙarshen Afrilun nan, in ƙanƙara ta fara narkewa, zai rufe garejin, ba kuma zai sake buɗewa ba. Ba gajiya ya yi ba. Yatsunsa ne suka daina ji. Sanyin shekaru ya cinye su a hankali, har ta kai in ya ɗauki noti sai ya duba da ido kafin ya san yana hannunsa.

Ni Ingvar, shekara ashirin da shida ina ɗaga tuta a tseren babura na garinmu Holmsel. Ba zan ce ni aminin Helge ba ne, don ban san yana da irin wannan ba. Maganar da muka yi da shi a tsawon shekarun nan, in aka tara ta ba za ta cika yini guda ba. Ban san ko zai ji daɗin wannan rubutu ba. Na fi zaton ba zai ji ba.

Aikinsa a taƙaice shi ne ya sa babur ɗin ƙanƙara, irin wanda ba shi da taya, ya kama ƙasa. Injinan yanzu sun fi hankalin masu su ƙarfi. Mutum zai danna totur, bel ɗin robar da ke ƙarƙashi ya yi ta juyawa a wuri ɗaya yana feshin dusar ƙanƙara, inji na ihu, mai shi na zaune inda yake. Maganin abin ƙusoshi ne: a huda bel a dasa su, su riƙa cizon ƙanƙara. Wannan kowa ya sani, kuma duk mai abin huda a gida gani yake zai iya. Sai su jera ƙusoshin reras don su yi kyau a ido. Ta farko ta tsaga ƙanƙara, ta biyu ta faɗa cikin tsagar ta farko, ta uku ma haka. A ƙarshe ƙusa ɗari suna aikin ƙusa takwas.

Helge ba ya jerawa. Kowace ƙusa sai ya nema mata hanyarta daban, shi ya sa bel ɗin da ya fito daga hannunsa ba shi da kyan gani. In ya gama, sai ya ce da mai babur ya gangara zirin nan ya tashi da ƙarfi, kamar yadda zai tashi ranar tsere. Babur na wucewa, Helge zai durƙusa, ya zare safar hannu, ya bi sawun da ƙusoshin suka bari da yatsunsa tsirara yana ƙirgawa. In ya ce “ashirin da huɗu,” an gama da wannan. In ya yi shiru ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, to a mayar da babur ciki. Na taɓa gani da idona ya cire wa wata ma'aikaciyar jinya ƙusa arba'in cikin waɗanda mijinta ya dasa mata. Ya ce nauyinta bai isa ya danna su duka ba. Ta yi zaton tsokanarta yake, sai da ta ga ta hau gangaren bakin tafki da ke mayar da ita baya tun farkon hunturu.

Amma tashi rabin jarrabawar ne. Dole mai babur ya isa wurin reshen nan da gudunsa, ya zagaye shi ya dawo. Ƙafafun gaba guda biyu su ne ke juya babur, kowace da wuƙar ƙarfe a ƙarƙashinta. In baya ya fi gaba kama ƙasa, sai ka murɗa kai iya ƙarfinka, babur ya miƙe abinsa kamar ba da shi kake ba. Duk wanda ya kasa zagaye reshen, Helge zai zare makullinsa ya rataye a jikin wata ƙusa da ke bangon gareji, har sai an canza wuƙaƙen an kuma ɗaure igiyar da ke danne gaba. Ba roƙo, ba sanayya. Abu ɗaya ya sa a gaba: duk wanda babur ɗinsa ya bi ta hannunsa, ya koma gida da ƙafafunsa.

Tsofaffin garin sun san dalili, ko da yake ba a faɗa a gabansa. Helge yana da ƙane, Assar. Shi ne mutum na farko da Helge ya yi wa irin wannan dashe, tun kafin a san da wani reshe. Babur ɗin ya tashi tashin da ba a taɓa gani ba a Holmsel. Kwana uku bayan haka, a kwanar da kogi ke shiga tafki, Assar ya murɗa kai, babur ya miƙe. Akwai dutse a wurin. Mako guda bayan an binne shi aka fara ganin Helge da tsintsiya a kan tafki.

Na zo kan Birger. Birger mai motocin dakon katako ne, mutum ne ƙato mai yawan dariya, kuma ba ya son a riga shi ko da layin biyan kuɗin mai ne. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya sayo wani babur mai ƙarfin doki ɗari biyu, ya jawo shi garejin Helge mako guda kafin tsere. Ina wurin, na kawo zarto a wasa mini. Ya dire jakar ƙusoshi a kan tebur.

“Tsoho, ga aiki na kawo maka. Ɗari da casa'in da biyu. Ka dasa su duka, kar ka rage ko ɗaya.”

Helge ya leƙa jakar. “Bushiya za ka ƙera?”

“Gaba zan yi. Shekara huɗu ina shan dusar yaran nan a fuska, ya ishe ni haka.”

“Da wannan tumbin naka za su shiga,” in ji Helge. “Ka dawo jibi.”

Jibin na je, don nima ina son gani. Birger ya danna totur, babur ya fizge shi kamar an harba shi. Helge ya durƙusa ya ƙirga, ya ce talatin da biyu. Ban taɓa jin ya faɗi wannan adadi ba, kuma na ga gefen bakinsa ya ɗan motsa. Sai muka ɗaga kai. Birger ya isa wurin reshe, ya murɗa kai, ya wuce shi ta dama da kamar taku ashirin, sai can gaba ya samu ya juyo. Yana isowa da dariyarsa Helge ya miƙa hannu ya zare makulli.

“Kai, mene ne haka? Ba ni makullina.”

“Ka zagaye reshen?”

“Wane reshe kuma? Tsere miƙaƙƙe ne, ba rawa za ni ba.”

“Bayan layin ƙarshe akwai kwana.”

“Birki fa, ado ne?”

“Birki zai rage maka gudu. Ba zai juya ka ba. Dogayen wuƙaƙe zan sa maka, in ɗaure gaba.”

“Su cinye mini gudun da na zo nema? Haba tsoho! Kai dai tun abin Assar kowace kwana kabari kake gani.”

Birger da kansa ya san ya wuce gona da iri, amma ba mutum ne mai janye magana ba. Helge ya haura gareji ya rataye makullin a bango.

“Riƙe shi, ka jiƙa ka sha!” Birger ya ɗaga murya a bayansa. “Ina da wani makullin a gida.”

Da yamma ya zo da tirela ya ɗauke babur ɗinsa. Aikin Helge ne a ƙarƙashinsa, mafi kyau da ya taɓa yi, kuma irin wanda ya yi wa ƙanensa.

Wanda ya san filin tserenmu ya san kusurwar tafkin gajera ce. Kana tsallake layin ƙarshe dole ka karkata hagu, don a gabanka akwai dakalin siminti inda ake ɗaure kwale-kwale da rani. A kusa da dakalin ne Gunvor, matar Birger, take kafa rumfar gahawa da gasasshen nama kowace shekara. Ranar Juma'a aka yi gwaji. Birger ya wuce da rabin totur, ya sha kwanar da ƙyar, jama'a suka yi masa tafi. Da kowa ya watse, na hango Helge can a kwanar, a durƙushe, ba safa a hannunsa. Ya jima yana shafa ƙanƙara. Sai ya miƙe ya yi tafiya a miƙe daga wurin yana ƙirga taku, har ya isa dakalin. Sannan ya zo ya same ni.

“Ingvar, ka hana shi shiga gobe.”

“Da wace doka? Babur ɗinsa ya cika sharuɗɗa.”

“Kai ke riƙe da tuta.”

“Tuta ce, ba sanda ba. Ka san Birger. Garin nan ba zai zaunu ba.”

Gaskiyar magana, tsoron bakin Birger nake ji, kuma shi ke ba mu motar kwasar kaya kyauta kowace shekara. Helge ya ce, “To, a matsar da rumfar Gunvor taku hamsin zuwa dama. Ka ce mata saboda iska ne.” Wannan na iya, na kuma yi.

Ranar Asabar ita ce rana ɗaya a saninmu da garejin Helge bai buɗe ƙarfe bakwai ba. Na zo filin da sassafe don kafa tutoci, na tarar da shi a kan taraktar maƙwabcinsa yana kwaso dusa daga bakin daji yana tarawa a gaban dakalin. Bai yi aikin tun jiya ba ne saboda dusar da aka tura da tarakta, in ta kwana, sandarewa take yi ta zama bango. Da ya gama tarawa sai ya sauko da shebur yana sassauta fuskar tulin, yana zura hannu yana gwada taushinsa. Awa uku ya yi. Tulin ya fi ni tsayi, faɗinsa kuwa bai wuce na mota biyu ba. Na ce masa ai ya yi ƙunci, in abin ya faru wa ya san inda zai nufa?

“Nan zai zo,” in ji Helge. Ya jefa shebur a tarakta. “In ka faɗa wa wani, kai da garejina har abada.”

Ƙarfe ɗaya na rana na sauke tuta a tseren ƙarshe. Birger ya bar sauran abokan tserensa uku tun daga taku goman farko, babu ma wanda ya kusance shi. Ya tsallake layi hannu ɗaya a sama. Sannan na ga ya kwanta hagu da dukan jikinsa yana murɗa kai, babur ɗin kuwa ya miƙe ɗoɗar. Ya bi ta daidai inda rumfar matarsa take tsayawa shekara da shekaru, ya shige tsakiyar tulin nan, ba dama ba hagu. Dusa ta tashi sama, inji ya mutu. Da aka tono shi, hancin babur ɗin saura taku biyu ya taɓa siminti.

Ƙashin kafaɗar Birger ya karye, da haƙarƙari uku. A gadon asibiti aka kai masa kofinsa. Kowa ya ɗauka tulin ragowar aikin motar sharar hanya ne, har aka riƙa cewa ragwancin direbanta ya yi rana. Birger kuwa yana fitowa ya shiga gaya wa duk mai kunnen ji cewa ƙusoshin Helge ne suka kusa kashe shi. Ta wata fuskar ba ƙarya ya yi ba, shi ya sa maganar ta kama. Masu tsere suka janye ƙafa daga garejin. Hunturu uku Helge ya yi yana gyaran zarto da injin yankan ciyawa, yana kuma share zirinsa kowace safiya ba tare da kowa ya zo ya bi ta kai ba. Na taɓa ce masa ya bar ni in yi magana.

“Ka ce me?” in ji shi. “Cewa na bar babur ya fita bai zagaye reshe ba?”

Nan na gane ba Birger yake rufa wa asiri ba. A wurinsa laifin nasa ne, tulin kuwa gyaran kuskure ne kawai, ba abin faɗa ba. Ni kuma na fake da wannan na yi shiru shekara goma sha ɗaya, alhali da na yi abin da ya roƙe ni ranar Juma'a da ba a kai ga haka ba. Ina jin kunyar wannan har yau.

Kai ne, Helge, mai ƙirga sawun da kowa ke takawa ya wuce. Kai ne ka fi son a zage ka da a yi gaisuwar mutuwar wanda ka gyara wa babur. Kofuna nawa aka ɗaga a Holmsel a kan ƙusoshinka, babu ko ɗaya da ke ɗauke da sunanka, ba ka kuma taɓa tsayawa kallon rabon kyauta ba. Abin da ka tara shi ne mutanen da ke ajiye babur a ƙofar gida da yamma su shiga cin abinci, ba su san wani abu ya wuce ta kansu ba.

Da na ji zai rufe, sai na lissafa cewa garejin da aka yi mini barazana da shi saura masa makonni. Ranar Talatar da ta wuce na tare Birger a gidan mai na gaya masa komai, tun daga rumfa har shebur. Bai yi dariya ba, bai kuma yi musu ba. Ya tsaya riƙe da bututun mai har tanki ya cika ya tsaya da kansa. Abin da ya tambaya kawai shi ne, “Rumfar Gunvor ma shi ne?” Na ce shi ne. Ya shiga mota ya tafi.

Washegari na yi sammako na je garejin, don in shaida wa Helge da bakina kafin ya ji a gari. Na tarar da shi tsaye a bakin tafki da tsintsiya a hannu, ba abin sharewa. An riga an share zirin tas, an kafa sabon reshe. Birger na tsaye a gefe kusa da babur ɗinsa na yanzu, hancinsa ja wur, alamar ya jima a wurin.

Helge ya dube ni, ya dubi Birger. “Ingvar bakinsa ya yi tsawo.”

“Na zo jarrabawa,” in ji Birger.

“Ka makara da shekara goma sha ɗaya.”

“Na sani, tsoho. Maganar da na yi a kan Assar...”

“Hau.”

Ya hau. Ya tashi, ya isa wurin reshe, ya kwanta hagu, babur ya bi shi ya zagayo lafiya. Helge ya durƙusa kamar kullum, ya zare safa, ya ɗora yatsu a kan ƙanƙara. Ya shafa, ya sake shafawa. Na ga ya sunkuya yana neman sawun da ido, amma hasken safiya bai isa ba. Ya daɗe a haka. Na kau da kai.

“Birger, zo nan. Durƙusa. Cire safar.”

“A wannan sanyin?”

“Shekara talatin da biyar ina yi ban mutu ba. Fara daga nan gefen. A hankali, ba katako kake lodi ba. Duk tsagar da ka ji, ka ƙirga.”

Ƙaton mutumin nan ya durƙusa a gefen tsohon, ya bi ƙanƙara da yatsa yana ƙirgawa a fili. Ya ruɗe a sha uku, Helge ya ce ya koma farko. A karo na biyu ya kai ashirin da huɗu.

“Ka tabbata?”

“Ashirin da huɗu.”

“To ya yi.”

Muka haura gareji. Helge ya zuba gahawa kofi uku, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Sannan ya je bango ya ciro wani makulli da ya yi tsatsa, ya ajiye a gaban Birger. Babur ɗin da makullin ke tayarwa an daɗe da sayar da shi a matsayin ƙarfe. Birger ya sa shi a tafin hannu ya rufe.

Mun gode, Helge, ni da waɗanda suka san abin da ka yi musu da waɗanda ba su sani ba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya ɗumama hannuwan nan. Ku kuma masu abin huda a gida, da masu gareji na gobe, ba sai kun gaji ƙwarewarsa ba kafin ku yi koyi da shi. In kun sa abu ya tashi, ku tsaya ku ga ko zai iya juyawa, kar kuma ku ji nauyin riƙe makullin mutum don bakinsa ya fi naku.

Yau da safe na bi ta bakin tafki ƙarfe bakwai saura. Iska ta kayar da reshen. Na hango Birger can ƙarshen zirin, tsintsiya a hammata, yana tayar da shi.